Wutar da Ke Tashi a Tsokar Alade, da Hannun Ƙwaƙwalwa a Cikinta

A shekarar da nake koyon aikin likitancin dabbobi a fili, an tura mu wata gonar kiwo a kudancin Jihar Kaduna, kuma a can na ga mutuwar da har yau ba ta fita daga raina ba. Ranar ana loda aladu a babbar mota domin a kai su kasuwa, rana ta take, ma'aikata suna kora da ihu da sanda. Wani ƙosasshen farin alade mai cikakkiyar cinya, wanda babu wanda ya ga alamar ciwo a tare da shi da safe, ya tsaya cak a bakin katakon hawa. Wutsiyarsa ce ta fara karkarwa, sannan ya buɗe baki yana haki, fatarsa ta yi dabbare-dabbare, nan ja nan fari, daga baya ta koma shuɗi-shuɗi. Kafin a kawo bokitin ruwa na biyu ya faɗi, ƙafafunsa suka miƙe suka sandare kamar itace. Na ɗora tafin hannuna a kan cinyarsa, na ji zafi irin na tukunyar da aka sauke yanzun nan daga murhu. Ba a yi minti 20 ba ya mutu, kuma mushen ya ƙage nan take, alhali a ka'ida sai an yi sa'o'i kafin jikin matacciyar dabba ya sandare.

Mai gonar ya ce tsoro ne ya kashe shi, ma'aikata suka ce zafin rana ne. Malaminmu ya saurare su duka, sannan ya ce kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, amma abin da muka gani yana da suna a littattafai, kuma irinsa yana kashe mutane a ɗakin tiyata. Tun daga ranar nake bibiyar wannan cuta, wadda zan kira mugun zafin jiki, musamman tambayar da ta raba kan masana na kusan shekara 25: shin wutar daga ƙwaƙwalwa take tashi, ko daga tsoka?

Na san cewa ni da mafi yawan waɗanda za su karanta wannan ba ma cin naman alade, addininmu ya haramta mana shi, kuma wasu ko sunansa ba sa son ji. Dalilin da ya sa na ga ya dace a yi bayanin da Hausa shi ne, maganin da ke ceton mutum idan wannan cuta ta taso masa ana tsakiyar tiyata a jikin alade aka fara tabbatar da shi, kuma a jikin alade aka gano ainihin inda ɓarakar take.

Labarin a wajen mutane ya fara ne a 1960 a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya. An kawo wani saurayi ɗan shekara 21 asibiti da karaya a ƙafa, amma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne maganin sa barci, domin danginsa 10 sun mutu a lokacin da aka sa su barci don tiyata ko jim kaɗan bayan haka. Likitoci suka ga tun da da tsohuwar iskar sa barci mai suna ita (ether) aka sa waɗancan barci, bari a gwada masa sabuwar iska mai suna halotan, wadda aka fara amfani da ita a asibitocin Ingila a 1956. Cikin 'yan mintuna bugun zuciyarsa ya hau, jininsa ya sauka, jikinsa ya ɗauki zafi. Aka tsayar da iskar, aka lulluɓe shi da ƙanƙara, Allah Ya sa yana da sauran kwana. Michael Denborough da Richard Lovell suka bi salsalar dangin, suka nuna cewa abin gado ne, suka buga rahoton a mujallar Lancet a wannan shekarar.

A wajen aladu kuwa, tun a shekarun 1950 masu sarrafa nama a ƙasar Denmak suke kuka da wani irin nama da ke fitowa fari fat, mai laushi, mai tsiyayar ruwa, wanda ba ya ɗaukar gishiri yadda ya kamata. Makiyaya a Turai da Amurka kuma suna kuka da aladun da ke faɗuwa matattu a mota, ko wajen faɗa, ko wajen barbara. A 1966 wasu likitoci a Cambridge suka ba da rahoton aladun da suka sandare suka mutu bayan an yi musu allurar sakin tsoka mai suna sakzametoniyam. A 1968 David Topel da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Iowa suka bayyana mutuwar mota da ta firgici a matsayin cuta guda mai zaman kanta. A daidai wannan lokacin, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wani likitan sa barci mai suna Gaisford Harrison yana cikin masu gwajin dashen hanta a jikin aladu, sai ya ga wasu daga irin Landrace suna sandarewa da zarar sun shaƙi halotan. A hankali aka fahimci cewa fararen naman Denmak, da mushen mota, da mutuwar ɗakin tiyata, duk reshe ne na bishiya ɗaya.

Yadda cutar ta yaɗu a cikin garkuna abin lura ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwa ta koma son nama marar kitse, sai masu kiwo suka riƙa zaɓar aladun da suka fi cikar tsoka su bar su su hayayyafa. Irin da ake kira Pietrain, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a Beljiyam, shi ne ya fi kowane cikar cinya, kuma shi ne ya fi kowane faɗuwa. Haka wasu rassan Landrace da irin Poland China na Amurka. Ashe ƙwayar gadon da ke ƙara tsoka da rage kitse ita ce dai ke ɗauke da cutar, don haka duk lokacin da makiyayi ya zaɓi mafi kyawun gani, ya zaɓi mafi kusa da mutuwar farat ɗaya ba tare da ya sani ba. A 1974 Eikelenboom da Minkema a ƙasar Holand suka fito da gwaji mai sauƙi: a kama ɗan alade mai kimanin mako 8, a sa masa abin shaƙa a hanci, a ba shi halotan na 'yan mintuna. Lafiyayye zai saki jiki ya yi barci, mai cutar kuwa ƙafafunsa na baya za su miƙe su ƙage, sai a cire abin shaƙar da sauri kafin wutar ta kama.

To, ina ƙwaƙwalwa ta shigo? Duk wanda ya ga abin da na gani a bakin motar nan, tunaninsa na farko zai tafi can. Babu halotan a wurin, babu allura. Ihu ne kawai, da sanda, da turereniya, da zafin rana. Tsoro kuwa a ƙwaƙwalwa yake farawa, kuma ma'aunin zafin jiki ma a can yake, a wani ɗan sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da masana da dama suka ce a binciki sinadaran ƙwaƙwalwar waɗannan aladu.

Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa ba a haɗe suke da juna kai tsaye ba. Akwai ɗan taƙi tsakanin kowace da maƙwabciyarta, kuma saƙo yana tsallake wannan taƙi ne ta hanyar sinadarai. Waɗanda suka shafi zancenmu huɗu ne: dofamin, noradirenalin, adirenalin da sarotonin. Ukun farko 'yan gida ɗaya ne, domin daga wani ɓangaren furotin na abinci mai suna tairosin jiki yake ƙera dofamin, daga dofamin ya ƙera noradirenalin, daga shi kuma ya ƙera adirenalin. Sarotonin daga wani ɓangaren furotin dabam yake fitowa, wato tiriftofan. Idan sinadari ya gama isar da saƙo dole a kwashe shi daga wurin, ko dai ƙwayar da ta sake shi ta sake zuƙe shi, ko kuma wasu sinadarai masu rusawa, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da MAO da COMT, su farfasa shi. Abin da ya rage bayan farfasawar ana iya auna shi a ƙwaƙwalwa da ruwan laka da fitsari, kuma daga yawansa ake gane yadda sinadarin ke aiki, kamar yadda mai girki ke gane yawan itacen da aka ƙona daga tokar da ta taru a murhu. Idan ƙerawa ta yi yawa, ko rusawa ta yi kaɗan, saƙon tashin hankali zai daɗe yana kaɗawa a jiki.

A kan wannan tunani aka gina hasashen farko. An lura cewa idan cutar ta taso, adirenalin da noradirenalin da ke cikin jinin alade suna ninkawa sau da yawa. Charles Williams na Jami'ar Missouri ya daɗe yana kare ra'ayin cewa yawan aikin noradirenalin shi ne tushen cutar: yana matse jijiyoyin jinin fata har zafi ya kasa fita, yana kuma hura wutar ƙona abinci a jiki. A Bristol ta Ingila, Lister da Hall da Lucke sun yi jerin gwaje-gwaje a tsakiyar shekarun 1970, suka nuna cewa magungunan da ke toshe aikin waɗannan sinadarai suna iya sauya yadda cutar ke tafiya. A Iowa an riƙa auna dofamin a wani sashe na ƙwaƙwalwa mai siffar wutsiya da ke da hannu a sarrafa motsi. A farkon shekarun 1990 kuma, a Jami'ar Guelph ta Kanada, wani masani ɗan Najeriya, Layi Adeola, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da Ronald Ball da wasu, sun auna waɗannan sinadarai sashe-sashe a ƙwaƙwalwar aladu masu saurin firgita, sun kuma gwada ƙara tiriftofan da tairosin a abincinsu don ganin ko hakan zai sauya sinadaran haifotalamas da ingancin nama. Masu irin wannan bincike sun samu bambance-bambance tsakanin masu cutar da lafiyayyu, amma sakamakon wannan ɗakin gwaji bai riƙa yin daidai da na wancan ba.

A ganina akwai dalili babba da ya sa aka kasa daidaitawa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alade zai gane shi. Kafin ka auna sinadarin da ke cikin ƙwaƙwalwa sai ka kama dabbar, ka danne ta, ka kashe ta, ka fasa ƙoƙon kai, kuma kowane mataki daga cikin waɗannan tashin hankali ne da ke sauya ainihin abin da kake son aunawa. Alade mai cutar ya fi lafiyayye shan wahala a wannan kamun, jininsa ya fi yin tsami, jikinsa ya fi ɗaukar zafi. Idan ka samu sarotonin ko dofamin ɗinsa ya bambanta, da wuya ka rarrabe ko bambancin ne ya jawo cutar, ko cutar ce ta jawo bambancin. Ga kuma bambancin iri da na shekaru, domin sau da yawa ana kwatanta Pietrain ne da wani irin dabam, alhali sun bambanta a abubuwa da yawa ban da cutar.

Gwaje-gwajen da suka fi gamsar da ni su ne waɗanda suka raba ƙwaƙwalwa da tsoka suka duba kowace ita kaɗai. Gerald Gronert da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka sun yi wa aladu masu cutar allurar kashe laka gaba ɗaya a 1977, yadda saƙon tashin hankali ba zai iya sauka daga ƙwaƙwalwa zuwa jiki ba. Adirenalin da noradirenalin ba su hau ba, amma da aka ba su halotan cutar ta taso yadda ta saba. A 1980 Artru da Gronert suka auna yawan iskar oksijin da ƙwaƙwalwa ke sha a lokacin da cutar ke ci, suka ga ba ta ƙaru ba, alhali jiki gaba ɗaya yana shan ninkin abin da ya saba. Hujja mafi ƙarfi kuwa ta riga waɗannan zuwa. A 1970 Werner Kalow da Beverley Britt a Toronto sun yanko ɗan zaren tsoka daga jikin mutanen da suka tsira daga cutar, suka rataye shi a ruwan gwaji, suka ga yana ƙanƙancewa fiye da kima idan aka zuba masa kafeyin, sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa. A 1971 Richard Ellis a Leeds ya nuna irin haka da halotan. Zaren da ke cikin kwalba ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da jijiyar da ke kawo masa saƙo, ba ya jin tsoro, amma yana nuna cutar. Har yau wannan gwaji ne ma'aunin da ake dogara da shi wajen tabbatar da ita a jikin mutum. Kada mai cin goro ya tsorata, domin yawan kafeyin da ake zubawa a kwalbar ya ninka abin da ke shiga jini daga goro ko shayi nesa ba kusa ba.

Bakin zaren ya fito sarai a 1991, lokacin da Junichi Fujii da David MacLennan da abokan aikinsu a Toronto da Guelph suka buga bincikensu a mujallar Science. A cikin kowane zaren tsoka akwai wani ɗan rumbu da ke ajiye sinadarin kalsiyam. Idan saƙo ya zo daga jijiya, ƙofar rumbun tana buɗewa, kalsiyam ya kwararo, tsoka ta ƙanƙance. Sannan ƙofar ta rufe, wasu ƙananan famfuna su mayar da kalsiyam rumbu, tsoka ta saki. Wannan ƙofa wani ƙaton furotin ne da ake kira RYR1, mai ɗauke da ɗiyan gini, wato ƙananan sassan da ake jerawa a ƙera furotin, sama da 5,000, kuma umarnin ƙera shi yana kan kuromosom, wato ƙunshin rubutun gado, na 6 a alade, na 19 a mutum. Abin da aka gano shi ne harafi ɗaya tak ya sauya a wuri na 1843 na rubutun gadon, wanda ya sa ɗan gini na 615 ya zama sistin a maimakon arjinin. Wannan kaɗai ya isa ya sa ƙofar ta riƙa buɗewa da ƙaramin dalili, ta kuma ƙi rufuwa da wuri. Binciken ya kuma nuna cewa sauyin iri ɗaya ne a dukan nau'o'in aladu biyar da aka duba, alamar cewa daga kaka ɗaya ya samo asali, masu kiwo suka yaɗa shi duniya.

Da wannan aka fahimci abin da tafin hannuna ya ji a cinyar aladen nan. Ƙofa ta buɗe ta ƙi rufuwa, kalsiyam ya cika zaren tsoka, tsoka ta ƙage. Famfunan suna ta kwasa ba hutawa, kamar mai kwarfar ruwa daga kwalekwalen da ya huje, kuma kowace kwasa tana cin makamashi. Iskar oksijin ta kasa isa, iskar kabon ta taru, jini ya yi tsami, zafi ya yi ta hauhawa. Zafin lafiyayyen alade kimanin digiri 39 ne a ma'aunin Salshiyas, amma a wannan hali yana iya wuce 42, kuma ga shi dabba ce da ba ta iya fitar da zafi ta hanyar gumi yadda mutum ko doki ke yi, shi ya sa take birgima a taɓo. Daga ƙarshe bangon zaren tsoka ya fashe, fotasiyam ya malalo cikin jini, zuciya ta rikice ta tsaya. Makamashin tsoka ya riga ya ƙare tun dabbar tana da rai, shi ya sa mushen ke sandarewa nan take. Idan kuma a mayanka abin ya faru, tsamin yana taruwa cikin minti 45 na farko alhali naman yana da zafi, sai furotin ɗinsa ya lalace ya kasa riƙe ruwa, a samu farin naman nan mai tsiyaya. Wannan ne kuma ya bambanta cutar da zazzaɓi. A zazzaɓi haifotalamas ce ke ɗaga ma'auni da kanta, shi ya sa farasitamol ke sauke shi. A mugun zafin jiki ma'aunin yana nan daidai, tsoka ce ke samar da zafin da ya fi ƙarfin jiki, don haka farasitamol ba ya tsinana komai.

Da yawa sun ɗauka daga 1991 zancen ƙwaƙwalwa ya mutu. Ni ban yarda ya mutu ba, matsayinsa ne ya sauya. Lalatacciyar ƙofa tana tare da aladen tun ranar haihuwarsa, amma yana ci yana sha yana girma har ranar da aka zo da mota, don haka dole akwai abin da ya tura ta a ranar. Firgici yana sa ƙwaƙwalwa ta aika wa tsoka umarnin gudu da kokawa ba ƙaƙƙautawa, yana sakin adirenalin, yana matse jijiyoyin fata, kuma duk wannan yana faɗawa ne a kan ƙofar da ba ta da ƙarfin jurewa. Masu kiwo a Turai sun daɗe da sanin cewa allurar kwantar da hankali mai suna azaferon, wadda ke toshe aikin dofamin a ƙwaƙwalwa, tana rage faɗa da mutuwar mota. A 1990 Wolfgang Löscher da abokan aikinsa a Hanoba ta Jamus suka nuna cewa magungunan da ke zaburar da wani rukuni na masu karɓar sarotonin, wato wuraren da sinadarin ke sauka a jikin ƙwaya ya isar da saƙonsa, suna iya tayar da cutar a jikin alade mai gadonta ba tare da halotan ba, kuma magungunan da ke toshe wannan rukuni suna hana hakan. Amma da suka gwada waɗannan masu toshewar a kan cutar da halotan ta tayar, ba su hana ta ba. A Hambog ta Jamus an ga cewa igiyar lantarkin ƙwaƙwalwar alade tana sauyawa tun a farkon tasowar cutar, kuma a 2003 masu bincike a can suka tayar da ita da ƙwayar maye da ake kira ekstasi, wadda ke sa ƙwaƙwalwa ta saki sarotonin da yawa. Ƙari a kan haka, furotin ɗin RYR1 ba a tsoka kaɗai yake ba, ana samunsa a wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, musamman a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya. Hukuncin da na tsaya a kai shi ne, busasshiyar ciyawar a tsoka take, kuma a can gobarar ke ci, amma ashana tana da yawa: halotan tana kunna ta kai tsaye a tsoka, tsoro da sinadaransa kuma suna kunna ta daga sama. Mai gonar da ya ce tsoro ne ya kashe aladensa bai yi kuskure ba, rabin labarin ne kawai ya sani.

Akwai wasu cututtuka biyu masu kama da wannan waɗanda su daga ƙwaƙwalwa suke tashi da gaske, kuma sanin bambancinsu yana da amfani a ƙasarmu. Ɗaya tana samun wasu masu shan magungunan taɓin hankali irin su haloferidol, inda toshe dofamin ke jawo sandarewar jiki da zafi mai tsanani cikin kwanaki. Ɗayar kuma yawan sarotonin ke kawo ta, da karkarwa da fizge-fizge da gumi da zafi, kuma tiramadol, wadda ta addabi matasanmu, tana cikin magungunan da ke jawo ta, musamman idan an sha da yawa ko an haɗa da magungunan ciwon damuwa. A ido suna kama da juna, amma tushensu dabam ne, kuma kulawar da kowace ke buƙata ta bambanta.

Maganin mugun zafin jiki kansa ya ƙara tabbatar da inda ɓarakar take. Dantirolin magani ne da aka haɗa a 1967, kuma aikinsa a cikin zaren tsoka yake, yana rage kwararar kalsiyam daga rumbu. A 1975 Harrison ya ba da rahoton cewa ya ba aladun da cutar ta riga ta kama wannan magani, tsokarsu ta saki, zafinsu ya sauka, suka tashi. A 1979 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa yi wa mutane allurarsa. Kafin zuwansa kimanin mutum 7 cikin 10 da cutar ta taso wa suna mutuwa, yanzu kuwa a ƙasashen da ke da shi a ajiye, tare da na'urar auna iskar kabon da majiyyaci ke fitarwa, mutuwar ta koma ƙasa da 1 cikin 10. Na taɓa riƙe kwalbarsa a wani taron horarwa: gari ne mai launin ruwan lemo, miligiram 20 a kowace kwalba, ana zuba masa ruwan allura mililita 60 a yi ta girgizawa domin ba ya narkewa da sauri. Ana fara bayarwa da miligiram 2.5 a kan kowane kilo na nauyin majiyyaci, wato mutum mai kilo 70 yana buƙatar kwalba 9 a tashin farko, shi ya sa ake ba asibitoci shawarar su ajiye 36. Wannan lissafi yana damuna ƙwarai, domin halotan da sakzametoniyam sun daɗe suna cikin magungunan sa barci mafiya araha a asibitocin Afirka, dantirolin kuwa yana da tsada, kuma yana iya lalacewa a kan kanta ba a taɓa buɗe shi ba.

A wajen aladu an kusa shawo kan matsalar. Alade ba ya nuna cutar sosai sai ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, don haka gwajin halotan yana barin masu ɗauke da kwafi ɗaya su wuce a ɓoye. Gwajin ƙwayar gado da aka samar bayan 1991 yana gano su daga ɗigon jini ko tushen gashi, kuma da shi manyan kamfanonin kiwo suka tsabtace garkunansu, har Jami'ar Liège ta Beljiyam ta samar da reshen Pietrain marar cutar. A wajenmu, inda ake kiwon Landrace da Large White da gaurayensu, kuma ake ɗibar aladu daga kasuwar Katsit ta Kafanchan a yi doguwar tafiya da su zuwa kudu, abin da ke hannun makiyayi shi ne ya yi lodi da asuba ko bayan faɗuwar rana, ya hana duka da ihu, ya rage cunkoso, ya yayyafa ruwa, kuma kada ya bar iyayen wanda ya faɗi irin wannan faɗuwa su ci gaba da ba shi iri.

A wajen mutum lamarin ya fi wuya, domin kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya isa, wato kowane ɗa na mai ɗauke da ita yana tsakanin gada da rashin gada rabi da rabi, kuma sauye-sauyen da aka samu a RYR1 na mutane suna da yawa, ba guda ɗaya ba kamar na alade. Mai ɗauke da ita yana iya rayuwa lafiya ƙalau, har ma a taɓa sa shi barci sau ɗaya ko biyu ba abin da ya faru, sai a karo na gaba ta taso. Mu kuma al'umma ce mai auren zumunci da manyan zuri'a, kuma idan wani ya rasu a ɗakin tiyata mukan ce kwana ya ƙare, mu yi haƙuri, ba ma neman sanin yadda abin ya faru. Haƙuri da ƙaddara wajibi ne, amma bai hana a gaya wa likitan sa barci cewa kawu ko goggo sun rasu ana tsakiyar aiki da zafin jiki mai tsanani ba. Idan ya ji haka yana da hanyoyin da ba sa taɓa wannan ƙofa, kamar allurar furofofol ko ketamin ta jijiya, ko allurar kashe rabin jiki ta baya. Saurayin nan na Melbourne ya sake komawa asibiti bayan kimanin shekara guda domin wata tiyatar dabam, aka yi masa allurar baya, aka gama aiki ba tare da zafin jikinsa ya motsa ba.